Sittin da Uku, Talatin da Bakwai

Kada ka buɗe ta yanzu, Zayyanu.
Ajiye kwalbar a kan benci
ta sha iskar shago tukuna.
Daga randa ta fito, jikinta da sanyi.
In ka cire murfi da garaje
zufa za ta keto mata ta ciki,
in an jima a kan allo ta dinga tartsatsi
kamar an yarfa ruwa a man suya.
Awa uku. Je ka share ƙofa.

Yauwa. Karanta min takardar jikinta.
Sittin da uku kuza,
talatin da bakwai dalma.
To ita ce.
Wannan ba ta san jan ƙafa ba:
zafi na kaiwa ɗari da tamanin da uku
ta narke gaba ɗaya,
ka janye wuta, ta kame gaba ɗaya,
ba ta tsayawa a tsakani tana shawara.
Mai sittin da arba'in kuwa
sai ta yi kunu kafin ta yi tuwo.
Hannunka ya girgiza a wannan taƙin,
ƙafar ta fito dishi-dishi,
bayan wata biyu a dawo mana da kaya daga Tsafe
da faɗa a bakin mai shi.

Ka tuna wadda Ɗanjabbi ya kawo bara,
rabin kuɗi, ba kwanan wata?
Na sa tsinke na juya, ta ƙi bin tsinke,
ta dunƙule kamar ƙuliƙulin jiya.
Tsinke ya faɗa min gaskiya,
na saurari aljihu.
Allo arba'in na cajin sola
muka kwance ɗaya bayan ɗaya,
duk layin bayan tashar Gusau na leƙowa.
Tun ranar nake duba wata kafin farashi.

Ɗauko farantin nan mai ramuka,
daidaita shi, kar ya goce ko da gashi guda.
Ƙafafun yau sirara ne,
mai laushin gari za ka ɗebo,
mai tsaki ba ta shiga ƙaramin rami.
Kaɗan. A'a, rage.
Ja reza sau ɗaya, a karkace,
ka ɗaga faranti sama sak.
Dubi yadda suka zauna, toka-toka,
kowanne a gurbinsa.
Abin da ya saura a reza
ba ya komawa gidansu.

Yanzu iska mai zafi, daga nesa,
zagaya, zagaya, kar ka tsaya wuri ɗaya.
Jira.
Ga shi nan.
Toka ta zama azurfa,
ta ja ƙafar da ta kauce
ta mayar da ita mazauninta da kanta.
Shekara goma sha ɗaya ina kallon wannan,
har yau sai na riƙe numfashi.

Ajiye ƙosan nan.
Na ce ajiye.
Ga sabulu, ga buta, har ƙarƙashin farce.

Kana ganin tsanani ne.
Ni a wajen Anka aka haife ni.
Babanmu a tsakar gida yake niƙa dutse
yana neman zinariya,
ƙurar ta sauka a tabarma, a kwano, a igiyar shanya.
Tumba tana rarrafe a cikinta.
Shekararta biyu da jijjiga ta kama ta.
Da likitoci suka zo
suka kankare ƙasar gidanmu da shebur,
a bakinsu na fara jin cewa dalma ce.

Yau ga ni ina sayenta da kuɗina,
ina yi mata shimfiɗa a yashi mai laima,
ina tambayar lafiyarta kowace safiya.
Ban yafe mata ba.
Na dai san inda take kwana,
kuma ni nake ɗaure murfin.

Miƙo allo na gaba.
Randar can tata ce ita kaɗai,
kar in ga moɗa a kusa da ita.